Goran Rabi

Laraba ce, tsakiyar marka, damanar da na cika shekara goma sha ɗaya. Manya sun tafi cin kasuwar Konni, mu kuma anka bar mu da surfe da tsaron awaki. Ko ɗigo bai faɗi a ƙauyenmu ba, amma tun hantsi muna hangen baƙin hadari can gabas, mun san ya zuba a tudu. Azahar ba ta yi ba munka ji ƙugi daga nesa kamar garken shanu ya ɓalle. Na saki taɓarya cikin turmi, na suri gorana, na ratsa gonar dawa da gudu, ina jin yara na ihu, "Kai ya taho!"

Koramarmu rairayi ce zalla, sai an yi ruwa a tudu take cikowa gaba ɗaya. Goshin ruwan nan mai tahowa da kumfa da kara da kashin awaki, shi muke kira kai. Kowa da babban goransa, an toshe bakin da totuwar masara, an liƙe da kakin zuma. Ka rungume shi ka tsaya a gaɓa, kai na isowa ka faɗa, ya sure ka har mashayar shanu inda korama take buɗewa. Masu faɗawa da fari su ne 'yan kai. Masu jira ruwa ya lafa, 'yan wutsiya. Masu kallo daga tudu kuwa kaji ne, ko gyaɗa ba a rabawa da su. In ka kife ka haɗiyi jan ruwan nan, to ka sha kunu, kwana bakwai ana bin ka da "Da tsamiya ko babu?" Iyaye sun yi duka har sun gaji. Innata takan ce, "Ruwa bai san ɗiyan kowa ba."

Ni kaɗai ce mace cikin 'yan kai, har maza sunka sa mini suna Kada, sunan da na fi so da tuwon dare. Sai ga Rabi, wadda iyayenta sunka ƙauro daga wajen Bazaga a shekarar. Siririya ce, ba ta da surutu. Hawanta na biyu ta saki hannu ɗaya, na uku ta durƙusa bisa gora da gwiwa, abin da ko maza ba su taɓa yi ba. Tun ranar ba wanda ya ƙara duba na. Wani har ya ce, ina tsaye, "Ashe kadar tamu guza ce."

Yayanta Ilu shi ke liƙe mata gora, kuma kullum sai ya gwada totuwar da haƙori kafin ta shiga. Ranar Larabar nan ma ya gwada, ya jingine goran a gindin aduwa, sunka matsa gaɓa suna leƙen ruwa. Na tsuguna kamar mai cire ƙaya. Na kankare kakin da farce, na murɗa totuwar har ta yi sako-sako, na shafe wurin da laka. Zan iya cewa kunu kawai na so ta sha gaban kowa, amma ban tabbata ba.

Tare munka faɗa. Ta hau da gwiwa, yara na sowa, sai goran ya yi ɓul-ɓul ya nutse ƙarƙashinta a tsakiyar ruwa. Na wuce ta dab, na ga hannunta a sama. Ni na fara isa mashaya, kuma ban taɓa hawa mai daɗin wannan ba. Masu noman bakin korama sunka zaro ta daga saiwar wani icce, ƙugu a karye. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙafa dai ta gajarce.

Anka tsinci goran babu totuwa. Ubansu ya ɗaure Ilu a jikin rumbu ya zane shi da igiyar jaki, maƙwabta na kallo, har da ni. Yana kuka yana cewa, "Wallahi Baba na gwada!" Uban ya ce, "Har da rantsuwa, ɗan banza?" ya ƙara mishi. Da anka gama girbi Ilu ya tsallaka iyaka, bai sake kwana a gidan ba. Ni ko kullum ina kai wa Rabi fura a shimfiɗa, uwarta na sa mini albarka.

Yanzu korama na nan tana zuwa, amma yara bido suke hawa, wato jarkar roba, rabinsu na tudu riƙe da waya suna ɗauka, ba wanda ya san warin kakin zuma. Nakan zauna a gaɓa da sanda ina korar jikokina, suna ce mini muguwar tsohuwa. Bara labari ya zo Ilu ya rasu, na tafi gaisuwa. Rabi ta taso tana ɗingishi, ta kama hannuna ta ce, "Na yafe mishi, Kada, ganinai ne ban so ba. Ke ce 'yar'uwata." Na ce Allah shi jiƙan shi, na ci goron sadaka na dawo gida. Har yau in na ji ƙugin kai daga nesa, ba Ilu nake fara tunawa ba, hawan nan nake tunawa. Allah ya sani, ni ma na sani.