Ƙaya a Yatsun Inna

Jiya a Arkilla na ga magina suna sassare shingen murtsunguwa, ana tattaka jajayen 'ya'yanta. Sai kakata Inna ta faɗo mini a rai.

Shekarar da ciwo ya kwantar da babanmu, da 'ya'yan nan ta riƙe mu. Takan murza su cikin yashi, ta fere, ta matse a tsumma, ta dama mana da gari. Ƙananan ƙayoyin sukan nutse a yatsunta har su yi ruwa.

"Ku shanye, ɗiyana, ni na sha nawa," in ji ta. Ba ta sha komai ba.

Wata rana ta shafa kumatuna, na ture hannunta, na ce kaushi. Ba ta ƙara ba har ta rasu.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya shayar da ke abin da babu ƙaya.