Ɗan'ina da Man Auta

A ofishin kwastan na tashar jiragen ruwa, can ƙarshen baranda, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai juyi kamar ta gaji da duniya. A nan Ɗan'ina ya tsufa. Ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa, saboda duk abin da aka ajiye masa a tebur, kafin ma ya gama amsa sallama sai ya tambaya, "Wannan ɗan ina ne?"

Aikinsa ke nan kuwa. Hoda, jan-baki, gazal, man shafawa, duk kayan kwalliyar da jirgi ya sauke ba sa fita sai ya tabbatar da ƙasar da aka yi su ya buga hatimi, domin kowace ƙasa da irin harajin da ake ɗora wa kayanta. Sauran ma'aikata sukan juya kwalba su kwafe abin da suka gani a gindinta. Shi yana ganin wannan lalaci ne. Kwalba riga ce, in ji shi, kowa kuma yana iya aron riga. Sai ya buɗe murfi ya shinshina, ya lakato da ɗan yatsa ya shafa a bayan hannunsa na hagu, ya lumshe ido yana sauraron abin da fata za ta gaya masa. Shekaru suka yi ta wucewa, furfura ta cinye kai, wuya ya tattare, amma bayan hannun nan ya zauna sumul yana sheƙi kamar na budurwa. In ya shiga motar haya, a aljihu yake ɓoye shi.

A gida ma haka yake. Uwargida ta daɗe da daina ba shi labarin cefane, tun ranar da ya tsare ta da tambayar ko tumatirin da aka noma a can aka niƙa a nan na can ne ko na nan.

Uwargida tana da ƙanwa, Auta, wadda a gidansu ta girma, shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan keke. Da ta kawo ƙarfi ta sayar da filinta, ta haɗa da duk abin da ta tara, ta yi odar man shafawa kwantena guda don ta buɗe shago. Kayan suka iso a tsakiyar zafi, lokacin da kwalta ke kama takalmi.

Ta shigo ofishin tana fifita da gefen mayafi, ta dire masa kwalba ɗaya.

"Yaya, kayana sun sauka. Buga mini abin nan in tafi."

"Sannu da zuwa. Ɗan ina ne?"

"Ɗan uwarsa ne. Ga shi a rubuce, karanta mana."

Ya gyara tabarau ya bi ƙananan rubutun da ke jikin kwalin. An tatso man a ƙasar kwakwa. Ƙamshin daga ƙasar furanni ya zo. An cuɗa su a wata ƙasa mai sanyi, aka ɗura a ganguna aka kai wani tsibiri, a can aka ɗiga masa ɗan launin ja aka zuba a kwalabe. Murfin daga wani wuri yake. Kwalin kuma wata ƙasa ta shida ta buga, ita da ta fi kowa ƙarancin wahala ita ta rubuta sunanta da manyan haruffa.

"Auta," ya ce a hankali, "man nan naki iyayensa sun yi yawa."

"To zaɓar masa ɗaya."

"Ba a haka. Doka ta ce ƙasar abu ita ce inda ya sake hali na ƙarshe, ya tashi daga wani abu ya zama wani. In cuɗawa ce, na ƙasar sanyi ne. Amma an ƙara masa launi a tsibiri. To launi hali ne?"

"Yaya, in ka sa jar hula ka zama wani mutum?"

Tambayar ta burge shi. Da ita ya tura maganar wurin shugaban sashe. Shugaba ya kafa kwamiti. Kwamiti ya rabu biyu, 'yan cuɗawa da 'yan launi, sai wani dattijo shi kaɗai da ya tsaya a kan murfi, yana cewa mai marar murfi ba kaya ba ne, ɓarna ce.

Ita kuwa kwantena tana tsakiyar fili, ba inuwa ko ta tsuntsu. Kullum Auta sai ta zo ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ta janye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya. A gida Uwargida ta koma ajiye masa abinci ba magana, cokali kaɗai ke gaishe shi.

Kada a ce abin bai dame shi ba. Ya je ya roƙi mai injin ɗaga kaya ya matsar da kwantenar ƙarƙashin rumfa, aka ce ba a taɓa kayan da ba hatimi. Ya sayo tabarmi ya hau tsani da tsufansa ya shimfiɗa a samanta, iskar teku ta kwashe su kafin la'asar.

"Yaya," Auta ta ce, muryarta ta dushe, "rufe ido ka nuna ɗaya. Duk abin da na mallaka yana cikin tukunyar can yana dahuwa."

"In na ba shi uban da ba nasa ba fa?"

"Wa zai tambaye ka?"

"Ni zan tambayi kaina."

"Allah ya ba yayata ladan zama da kai," ta ce, ta fita.

Wata safiya tashar ta tashi da ƙamshi. Ya bi layin manyan motoci, ya shiga ofisoshi, ya zauna a rigunan 'yan dako, har masu gadi suka riƙa duban juna da zargi. Ƙudan zuma suka yi dafifi a bakin kwantenar Auta, inda wani abu mai ruwan zinariya ke ɗiga a hankali. Da aka buɗe, katan-katan sun jiƙe sun lanƙwashe. A cikin kowace kwalba man ya rabu: ruwan mai ya taso sama, farin ya kwanta a ƙasa kamar dusa, ƙamshin kuma ya riga ya kama gabansa.

Auta ta zauna a kan wani katan, ya lotsa da ita. Ko hawaye ba ta yi ba.

Ɗan'ina ya tsoma yatsa ya shafa, ya lumshe ido. Can sai fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Wannan ba shi ne ya sauko daga jirgi ba," ya ce. "Ya sake hali. A filin nan kuma ya sake, ranarmu ce ta yi aikin. Ɗan gida ne."

Ya koma ofis da sauri, ya hura wa hatimi numfashi, ya buga. Kwamiti ya amince baki ɗaya, har da dattijon murfi. Shugaban sashe ya faɗa a taro cewa tashar ta fara sarrafa kaya da kanta.

Ɗan'ina ya dawo fili yana kaɗa takardar don tawada ta bushe.

"Auta, albishirinki. Kayan gida ba su da haraji."

Ta karɓa ta duba, ta ninke. Sannan ta yafito 'yan dako.

"Ku loda duka ku kai gidan Yaya. Tunda shi ya haife shi, shi zai yi rainonsa."

Bai daɗe ba ya yi ritaya. Katan-katan sun cika falo, sun cinye rabin baranda, Uwargida ta jera tsofaffin kwanoni a ƙarƙashinsu. Yanzu da hantsi yakan zauna a ƙofar gida da kwalabe a gabansa, yana ba masu wucewa kyauta, yana bayanin cewa yana maganin kukan ƙofa da sarƙar keke. Auta ta kama aiki a shagon wata ƙawarta, ta nan take bi. Ba ta taɓa wucewa babu gaisuwa ba. Takan ɗan rusuna daga tsallaken titi.

"Ina kwana, Yaya. Ya yaran?"

"Lafiya lau," yakan ce, ya sunkuyar da kai. "Sai dai ɗiga."