Shatin Yatsu a Kuncin Ɗiyar Yayana

Ɗiyar yayana ta zo hannuna daga Bungudu lokacin da za ta shiga babbar sakandare. Yaya manomi ne, gero da dawa da 'yan awaki, kuma ya ga makarantar da ke kusa da gidana a Gusau ta fi tasu malamai. Ni ɗinki nake yi a cikin gida, 'ya'yana duk maza ne, don haka na karɓe ta hannu bibbiyu. Yarinya ce mai surutu da dariya, ga ƙawaye kamar me.

A shekararta ta biyu wani yaro ya fara zuwa wurinta zance. Ɗan Tsafe ne, yana zaune wurin kawunsa a Gusau yana karatu, bai girme ta da yawa ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe da maigidana, aka bincika aka ce gidansu gidan mutunci ne. Yaya ya ce a bar shi ya riƙa zuwa ranar Juma'a bayan la'asar, in ta gama makaranta a yi magana.

Sannu a hankali na ga yarinyar tana canzawa. Ƙawayenta suka rage zuwa. In wayarta ta yi ƙara, ko tuwo take tuƙawa sai ta yar da muciya ta ruga. Na taɓa aikenta gidan suna ta kai wa wata kayan da na ɗinka, sai ta tsaya tana murza gefen hijabi.

"Gwaggo, bari in fara gaya masa."

"Ki gaya wa wa? Ni na aike ki ko shi?"

"Ba ya son in fita bai sani ba. Kuma in ya zo sai ya duba wayata."

Na yi mata faɗa, ta tafi. Da ta dawo na ga idonta ya yi ja.

Wata Juma'a ina kan keken ɗinki, su kuma suna zaure, sai na ji ƙara kamar an tafa hannu. Can sai ga ta ta shigo da sauri, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Na tare ta na yaye. Shatin yatsu ne kwance a kuncinta. Kafin in kai ƙofa ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.

Wai wani ɗan ajinsu ne ya gaishe ta a hanya, ya tambaye ta aikin gida, ta amsa masa tana dariya, aka kai wa saurayin labari.

"Ni ce da laifi, Gwaggo. Ya sha hana ni."

Wannan maganar ta fi marin ci mini rai. Yarinyar da ban taɓa ɗaga wa hannu ba, ga ta tana neman wa wanda ya mare ta uzuri.

Na gaya wa maigidana, ya ce ƙuruciya ce, zai kira shi ya ja masa kunne. Maƙwabciyata da ta zo gwada riga ta yi dariya ta ce ai kishi ne, namijin da ba ya kishinki ba ya sonki. A gaban yarinyar ta faɗa, kuma na ga yadda maganar ta shige ta.

Na shirya na tafi Bungudu. Na tarar da Yaya a bakin rumbu ana zuba gero. Na zayyana masa komai, yana saurare yana karkaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa.

"To ita mi ta yi mashi?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Yaya, ko me ta yi masa, ya dace ya mare ta? Ko sadaki bai biya ba."

"Ke dai kin cika zahi. Yaro ɗan manyan mutane, ki kore shi don mari guda? Ki ce ta riƙa kama kanta."

Matarsa, uwar yarinyar, tana gefe tana jinmu. Sai da ta rako ni bakin titi ta riƙe mini hannu ta ce, "Don Allah kada ki bari." Na ce to me ya hana ta faɗa a gabansa? Ta sunkuyar da kai.

Tsafe ma sai da na je, duk da a lokacin ba kowa ke son bin hanyar ba sai dole. Mahaifiyar yaron dattijuwa ce mai fara'a, ta dama mini fura, ta saurare ni har ƙarshe.

"Wallahi ɗana yana son ɗiyarku," in ji ta. "Zuciya ce da shi, irin ta babansa. Mu ma haka muka yi haƙuri."

"Hajiya, haƙurin da kika yi shi kike so wata ta fara tun kafin a ɗaura?"

Fuskarta ta canza. Ta ce za ta yi masa magana, kuma ta yi. Abin da ya biyo baya shi ne ya kira yarinyar ya zazzage ta, wai ta tona masa asiri a gidansu. Ta daina yi mini magana in ban da gaisuwa. Ni na zama muguwar.

Da na ga faɗa ba ya ci, sai na daina. Nakan kira ta ta taya ni sa maɓalli, mu zauna muna aiki. Wata rana na tambaye ta, "In kin ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa, me kike fara ji, murna ko faɗuwar gaba?" Na ce mata ni da baban yaran nan shekara da shekaru muna tare, mun yi saɓani ba adadi, amma ban taɓa jin tsoron sallamarsa ba. Ta ci gaba da ɗinkinta kamar ba ta ji ba.

Da jarrabawa ta matso, ya hana ta zuwa darasin yamma saboda akwai maza a ajin. Ta je a ɓoye. Ya tare ta a ƙofar makaranta, ya fizge jakarta ya zazzage littattafan cikin kwata, a gaban 'yan ajinsu. Ta kwaso littattafan ta dawo gida, ta shanya su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta ce, "Gwaggo, in ya zo ki ce kada ya sake zuwa."

Na gaya masa a bakin ƙofa, maigidana yana tsaye a bayana. Ya yi ta aiko saƙonni, yau ban haƙuri gobe barazana, har muka canza mata layi, babban ɗana kuma ya riƙa raka ta makaranta. Ta rubuta jarrabawarta ta ci. Yaya har yau yana cewa ni na kore wa ɗiyarsa miji.

Ba a jima ba na fara ganin yaron a layin bayanmu, ƙofar wani gida, wurin wata yarinya da ba ta kai tamu shekaru ba. Na sa mayafi na je na sami uwarta, na gaya mata duk abin da na sani. Ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Hala dai taku ce har yanzu take son shi?"