Katanga Ɗaya, Gida Biyu

Shekarar da soja suka koma bariki a karo na biyu, babu abin da ake yi mana waƙarsa a Kakuri kamar romon dimokuraɗiyya. Ni dai na ce in gani a ƙasa, wai an ce da kare ana biki a gidansu. Ai kuwa mun gani. Kafin damina ta faɗi, sai ga mutanen ƙaramar hukuma a layinmu da tef na awo da gwangwanin jan fenti, wai za a yi mana lambatu na siminti, kowane mai gida zai biya gwargwadon tsawon katangarsa da ke kallon titi. Wanda bai biya ba, a rushe duk abin da ya kafa a ƙofar gidansa.

Abin da Baba ya kafa a ƙofar gidanmu rumfar injin markaɗe ce. Da kuɗin sallamarsa daga masaƙa ya sayi injin, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shaƙar ƙurar auduga. Da shi muke ci. Ni a lokacin na fara koyarwa a firamare, albashina kuwa sai ya ga dama yake zuwa.

Muna da maƙwabciya, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna, da mu da 'ya'yanta huɗu duk Mama muke ce mata. Mijinta abokin aikin Baba ne. Da ya rasu, iska ta kwashe langa-langar da ta kewaye gidansu, tsakar gidan ya zama kowa ya wuce sai ya leƙa. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya sayo bulo ya ja katangarmu ta zarce har ƙarshen gidanta, ya shafe duka da farar ƙasa iri ɗaya. Ƙofarta kuma ta lungu take. In ka tsaya a titi, sai ka rantse gida ɗaya ne.

Haka mai awon ya ɗauka. Ya ja tef tun daga rumfarmu har kwanar lungu, ya ce, "Baba, ashe kai babban landilod ne, duk wannan gida naka." Ina tsaye na buɗe baki zan gyara masa, Baba ya watso mini harara, na haɗiye maganata.

Da suka tafi na ce, "Baba, rabi fa ba namu ba ne."

Ya ce, "To sai me? In nuna musu gidan marayu da yatsa, su je su shafa mata jan fenti? Da wane ido zan kalli ubansu gobe ƙiyama?"

"Ina za mu samo kuɗin?"

"Allah na nan."

Allah na nan kam, amma takardar biyan kuɗin da aka kawo ba ta san da zancen haƙuri ba. Baba ya zaga wajen tsofaffin abokan aikinsa, ya tarar kowa da tasa takardar a aljihu. Ya je gidan kansila har sau uku, mutumin da watannin baya yake durƙusawa a ƙofar rumfar nan yana roƙon ƙuri'a, kullum sai a ce mai girma yana mitin. Da wa'adi ya matso, Baba ya ce gara a sayar da injin da a bar rumfa ta rufta a kansa. Wani mutum daga Unguwar Mu'azu ya zo da a-kori-kura ya kwance shi. Mama ta fito tana tambaya ko lafiya, Baba ya ce mata ai injin ne ya tsufa, zai sako wani. Ta yi masa addu'a ta koma ciki.

Raina ya ɓaci iya ɓaci, kuma har yau in na tuna sai ya sake ɓaci. Tun muna yara muke kwashe kwatar layin nan da shebur duk Asabar, babu wata hukuma da ta taɓa ba mu ko tsintsiya. Yanzu an ce aikin hukuma ne, kuma mu ne za mu biya. To harajin da ake karɓa a kasuwa da tasha, na mene ne? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan an biya, na ɗauki rasit na tafi sakatariya ba da sanin Baba ba. Ban je neman faɗa ba, so nake kawai in ji ko ana rage wa tsofaffi. Na sha zaman benci kafin wani akawu ya dube ni. Da na ba shi labari tiryan-tiryan, sai ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Haba Malama, ai gidajen matan da mazansu suka rasu firi ne, ciyaman ya yafe musu tun farko. Ga notis can."

Na juya. Wata takarda ce da Turanci, an liƙa ta a bayan ƙofar ofis, inda sai an rufe ƙofa ake ganinta. An ba mai shela kuɗi ya zaga da lasifika yana mana barazanar rushe-rushe, amma wannan ko sau ɗaya bai faɗa ba.

Na ce, "To a mayar mana da rabin."

"Kuɗin da ya shiga asusun gwamnati? Me ya sa tsohon bai yi magana ba ranar awo? Laifinsa ne."

Na faɗa masa maganganun da ban san na iya su ba, har masinja ya riƙo mini gyale ya raka ni waje. Duk ihu ne bayan hari.

Da na dawo na tarar da Baba a rumfa, zaune kan dakalin simintin da injin yake a kai da. Wata mata ta zo da bokitin tattasai, ta leƙa, ta gaishe shi, ta wuce layin gaba. Ashe wani ya gaya masa an gan ni a sakatariya.

Ya ce, "Kin je ke nan. Ina fata dai ba ki ambaci gidan Mama ba. Ba za su taɓa ta ba ko?"

Na dubi hannayensa da ya ajiye a gwiwa, babu abin da za su yi. Na ce, "Ba za su taɓa ta ba, Baba."

Ya ce, "To alhamdu lillahi, kuɗin bai tafi a banza ba."

Har Allah Ya karɓi ransa ban gaya masa sauran ba.