Kunun Da Aka Ƙi Sha

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ba zan manta da ranar da na tuttular da kunun zaƙi galan goma a bayan gidana ba, cikin watan azumi, ina yi ina hawaye.

Lokacin muna zaune a garin Germantown, can ƙasar Turawa, ni da maigida, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Ba abin da nake kewa na gida kamar kunun zaƙin mahaifiyata. Ita ba ta san zuba sukari ba. Dawa take jiƙawa ta shanya a jiƙaƙƙen buhu har ta yi tsiro, ta busar, ta niƙa, wannan tsiron shi ke sa wa kunu zaƙi. Na gwada a kicin ya fi a ƙirga. Yau ya kama, gobe ya fito salam kamar ruwan wanke shinkafa.

Akwai wani dattijon Bature a wurin aikinmu, shi sha'awarsa dafa giya daga ƙwayar hatsi a garejinsa. Wata rana ya ji ina mita, ya sa na kwatanta masa yadda ake yi, sai ya kwashe da dariya. Ya ce, "Abin da mahaifiyarki take yi ai shi ne rabin aikina na farko. Tsiro ba ya aiki sai zafi ya daidaita, in ya yi yawa ya mutu, in ya yi kaɗan ya kwanta. Bambancinmu ɗaya, ni ina zuba yis in jira mako biyu, ke kuwa a ranar za ki sha abinki." Ya lissafa mini kayan da zan nema: babbar tukunya mai famfo a gindi, kula mai riƙe zafi da raga a ciki don tacewa, ma'aunin zafi, ɗan injin ɓarza hatsi, da wani bututun tagulla nannaɗe da ake bi da ruwan sanyi ta cikinsa don abu ya huce da wuri. Matsalar ita ce a kantin masu dafa giya kaɗai ake samunsu a haɗe.

Na shawarci maigida. Ya ce, "Tukunya ai ba ta da addini. Abin da aka dafa a ciki shi ne magana."

Ranar Asabar na zumbula hijabina na tafi kantin, can wajen Annandale. Allon ƙofarsa kuwa hoton ƙaton kofi ne kumfa na zuba. Ina fitowa rungume da tukunya, sai ga wata Hajiya 'yar garinmu, wadda muke zama tabarma ɗaya a taro, ta fito daga kantin naman halal da ke jere da shi.

Na ce, "Hajiya, ina wuni? Ya iyali?"

Ta ce, "Lafiya lau." Ta dubi allon, ta dubi tukunyar, ta sake duban allon. "Sayayya ake yi?"

Na ce, "Wallahi kayan kunu ne."

Ta ce, "Kunu? To, Allah ya ba da sa'a."

Ni da zuciya ɗaya na ce amin. Wauta kenan!

Gwajin farko ba zan manta shi ba. Na dama ƙullun gero na juye a kula, na tsaya da ma'auni a hannu har zafin ya sauko inda Baturen ya ce, na zuba garin tsiro da citta da kanumfari da masoro, na rufe. Bayan awa biyu na buɗe famfo na tara kofi. Kurɓa ɗaya na yi na zauna daɓas a ƙasan gareji. Kunun mahaifiyata ne sak, ita kuwa shekararta huɗu a kabari. Maigida ya shanye kofi uku yana cewa dama injiniyan gidan ni ce, shi sunan kawai yake ɗauka.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi. Mutanenmu kan kama wani zaure a Greenbelt duk Asabar a yi buɗa-baki tare, kowane gida da abin da zai kawo. Na ce ni kunu zan kawo. Kwana biyar ina hidimar tsiro, ranar kuma tun safe nake tsaye da bakin azumi. Muka loda kula biyu a mota, muka sha cunkoson hanya, na jera su a tebur ina jin kaina kamar wadda ta zo da lefe.

Aka kira salla, aka ci dabino. Zoɓo ya ƙare, lemon kwalba ya ƙare, kulolina ko taɓa su ba a yi ba. Can wata tsohuwa da ta zo ganin jikoki daga Katsina ta tako ta tsiyaya kofi guda. Kafin ta kai baki 'yarta ta riƙe mata hannu ta raɗa mata wani abu. Tsohuwar ta dire kofin tana a'uziyya, ta goge hannunta da gefen mayafi. A kan idona.

Wurin alwala na ji sauran. Mata biyu ne, ba su san ina bayansu ba. Ɗaya ta ce, "Kayan burkutu fa ta sayo, Hajiya da idonta ta gan ta." Ɗayar ta ce, "Ai an ce har Bature ke koya mata. Zama a ƙasar nan sai addu'a."

Burkutu! Ni da ko warinta ban iya jurewa! Shekara nawa muna tare, na yi musu jinyar masu jego, na bi su gaisuwar mutuwa, a rasa mutum ɗaya da zai ja ni gefe ya ce wance, me kike dafawa? Ba kunun ne ya ƙona mini rai ba, sunana ne aka zubar a ƙasa ana takawa.

A mota maigida ya ce, "Da kin tashi kin yi musu bayani, magana ta mutu a nan."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Ni zan wanke kaina a gaban waɗannan? Wanda ya san ni ya san ni."

Muna isa na tura kulolin cikin gareji na ja ƙofa. Don takaici ko firji ban sa ba, ba na son ganinsu ma. Kwana uku suna nan cikin zafin nan mai kama da na gidan burodi. A na huɗu maigida ya leƙo ya ce, "Zo ki ga ikon Allah." Tun daga ƙofa warin ya tare ni. Na ɗaga murfi, kumfa ta taso tana tsiri-tsiri. Kunun da na yi da alwala ya koma abin da suka ce. Da wani ya shigo a wannan lokacin, ko rantsuwa da Alƙur'ani ba za ta fitar da ni ba. Na ja su bayan gida na tuttular, hatsi guda, ga azumi a bakina.

A ranar na kira Hajiya. Na ce, "Hajiya, kin gan ni, na gaishe ki, na faɗa miki kayan kunu ne. Me ya kai ki faɗin abin da ba ki sani ba?"

Ta ce, "A'a, ni ban ce giya kike yi ba. Cewa kawai na yi na gan ki."

Na ce, "To ki zo ki ƙarasa ganin."

Na gayyaci matan duka, na ce su zo tun la'asar a yi a gabansu. Biyar suka zo, Hajiya ba ta ciki. Amma tsohuwar nan ta zo, ita ta matsa wa 'yarta. Na zuba mata busasshen tsiro a tafin hannu. Ta murza, ta shinshina, ta ɗago ta harari 'yar. Ta ce, "Ke, wannan ai tsiron dawa ne! Da shi aka yaye ki. Kun sa na ɗauki alhakin baiwar Allah." Da aka kira magariba da kununa ta buɗe baki, ta miƙo kofi ta ce, "'Yata, ƙara mini, ki kuma yafe mini."

Na yafe mata. Amma biyar suka gani, waɗanda suka ji kuwa sun fi hamsin, kuma har yau akwai masu tsallake kulata a taro. Laifinsu na nan, ban rage musu ko ƙwaya ba: in ka ga abu ba ka gane ba, mai shi na da baki, ka tambaye shi. Nawa laifin kuma na sani. A daren taron ina da kunu mai kyau galan goma da zai yi mini shaida, girman kai ya sa na rufe shi na rufe bakina. Tun daga ranar ba na barin kunu ya kwana a zafi, ba na kuma barin zargi ya kwana ban amsa shi ba.