Kason Gidan da Na Ɓoye wa Abokaina

Ni ne da laifi, ba zan ɗora wa korona ba. A lokacin ina ɗalibi a wata kwaleji a Setapak, ƙasar Malesiya, karatun bai dame ni ba, burina kawai a san da ni. Da aka kulle gari zaman ɗaki ya ishe mu, sai na kawo shawarar mu riƙa gasar kartar poka ta waya, kowa daga ɗakinsa. Kowa ya zuba kuɗin shiga, wanda ya cinye ya kwashe.

Kai, abin ya karɓu! Duk Asabar bayan la'asar benenmu sai ya rikice. Wani ya leƙo ta taga yana buga tukunya saboda ya fitar da maƙwabcinsa daga gasar, wani daga hawan sama yana ihun yau sai ya talauta Kanawa. Aka sa mini suna Shugaba, kaina ya kumbura. Kuɗin kowa ta hannuna yake bi, kuma kafin in sanar da abin da za a ci sai in yanki wani abu in ɓoye. Ina ce wa raina la'ada ce, na manta dillali a gaban mai saye da mai sayarwa yake karɓar tasa.

Wani ɗan ajinmu ɗan Malesiya, wanda ya saba zuwa gidan caca kafin a rufe, ya tambaya a zaurenmu na waya nawa ne kason gida. Ya ce can a fili ake rubutawa, kashi kaza na gasar, kashi kaza na gidan, kowa ya gani kafin ya zauna. Na amsa da dariya cewa babu gida tsakanin 'yan'uwa. Abokin ɗakina, wanda ke yi mini tapau, wato ƙunshin abinci, daga shagon abincin da ake kira mamak duk ranar da aljihuna ya bushe, ya tsaya mini, ya ce tun Kano ya san ni, ba na cin amana.

Sai ga shi abokin ɗakin nawa ne ya cinye gasar da ta fi kowace cika. Muka ɗaga shi sama muna tsalle! Nan take ya ce zai ciyar da ɗaliban da kuɗin gida ya daina zo musu. Ya ƙirga waɗanda suka shiga gasar, ya sa a dafa shinkafa da kaza daidai abin da ya san zai samu. Da na tura masa, kuɗin bai kai ba. Ya tambaye ni a hankali ko banki ne ya cire, na ce e. Ya yarda, ya cika daga kuɗin hayarsa, ya ma zubo mini nawa kwanon. Na karɓa na ajiye gefe, ban ci ba.

Caca da ma haramun ce, na kuma ƙara da ha'inci. Duk mai riƙe kuɗin jama'a ya faɗi kasonsa kafin a zuba, in yana jin kunyar faɗa to ba halalinsa ba ne.

Na daɗe ina kauce wa idonsa kafin na rufe gasar, na mayar wa kowa haƙƙinsa. Shi kuma na zauna a gabansa na ce masa ba banki ba ne, ni ne, tun ranar farko nake cira, ya shaide ni a gaban mutane na sa shi ya yi ƙarya bai sani ba. Na ce ɗan'uwa, ka yafe mini don Allah.