Amyar da Kaka Ya Bar Mini Tsaro

Duk sanda na ji ƙaurin busasshen kashin shanu a wuta sai raina ya ɓaci, don da shi Kaka yake wa ƙudan zumansa hayaƙi a ƙauyenmu, can bayan Zonkwa.

Ƙudan Kaka ba irin na kowa ba ne, shekara da shekaru yana tace su. Idan ɗorawa ta yi fure, sai ya sauke amya mai ƙarfi, ya yanko saƙa mai ɗakin sarauniya a rataye kamar kwanson gyaɗa, ya sa a sabuwar amya tare da rabin ƙudan. In sarauniyar ta fito, 'ya'yanta suka tasa, sai ya ɗaure akuya a gindin bishiyar. In sun harbi akuyar, ya murƙushe sarauniyar. In sun ƙyale ta, to iri ya samu. Mu yara har wasa muke yi a inuwarsu.

Shekarar da naira ta shigo, fari ya kori ƙudansa, saura amya ɗaya. Ya raba ta, sai rabin da ke tare da tsohuwar sarauniya suka gudu daji. Irin duka ya koma kan sabuwar sarauniyar da ba ta fito ba. Ana haka ciwo ya kwantar da shi. Da za a kai shi asibiti Kafanchan ya kama hannuna, da Hausarsa ta tsofaffinmu ya ce, "Kada kowa ya taɓa amya nan. Uwa bai fito ba."

Kwana biyar sai ga ƙanen babana, malamin makaranta. Zai kai gaisuwar Ista gidan surukansa a Kwoi, wai dole ya je da zuma. Na tare gindin bishiyar, na ce, "Baba ƙarami, babu zuma a ciki, 'ya'ya ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ji yarinya! Yaushe aka haife ki?"

Ya cinna wa damin ciyawa wuta, ya hau ya cusa cikin amyar. Wuta fa, ba hayaƙi ba! Abin da ya tatso bai cika kofi ba. Mutum da karatunsa! Babana yana tsaye bai hana shi ba, ni kuma aka zane ni don rashin kunya.

Da Kaka ya dawo na miƙa masa ɗakin sarauniyar da na tsinta a toka. Ya ɓare shi da farce. Tana ciki a mace, har fukafukai sun fito. Ya ce, "Saura kwana biyu." Bai sake rataya amya ba har ya rasu.

Yau jikokin gidan suna kiwo a akwati, sai sun rufe jiki ruf kafin su matsa, ƙudan har masu babur suke kora. Baba ƙarami ya tsufa. A taron iyali shi ke ba da labarin ƙudan babansa masu sanyin hali, yana girgiza kai, wai ba a san yadda irin ya ɓace ba. Kirsimetin bara na kasa haɗiyewa. Na ajiye cokali na ce, "Baba, ni na sani."